Abin da Baƙo Yake Ci a Ƙasar Gana

Jawabin Jami'in Yaƙi da Jahilci ga 'yan aji

 

Kowace shekara, da an gama girbi an kai dammuna rumbu, sai samarinmu su shiga ɗaure ƙunshi. Wani ya nufi Kano, wani Ikko, wani kuwa sai ya ƙetare iyaka. Cikin ajin nan ma na ji akwai mutum uku masu shirin tafiya Gana bana. Saboda haka yau na ajiye zancen taki da na allurar rigakafi, zan yi muku zancen abin da baƙo yake ci a can. Kada ku ce wannan ƙaramar magana ce. Mutum yakan tafi ci-rani da niyyar sayen bijimin noma, ya komo ba ko akuya. In ka bincika, ba caca ya yi ba, ba a kuwa yi masa sata ba. Cikinsa ne ya cinye kuɗin. Na zauna wata shida a ƙasar nan wajen aiki, yawanci a Kumasi, abin da na gani shi zan faɗa muku.

Da fari dai ku sani ba ku ne za ku buɗe hanya ba. Kakanninmu sun daɗe suna bin ta. Su suna ce wa ƙasar Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, a yi wata da watanni bisa hanya kafin a isa kasuwar Salaga a sayo goro. A shekarar 1892 aka yi yaƙin basasa a Salaga, fatake suka watse, waɗansu suka gangara Kumasi, waɗansu Kete Karaci, waɗansu har bakin teku. A Kete Karaci ne shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934. Duk inda mutanenmu suka sauka sai suka kafa unguwa, aka ce mata zango. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1957, ta ajiye sunan da Turawa suka sa mata ta ɗauki Gana, amma zango yana nan da sunansa. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase. A Ankara, watau babban birnin ƙasar, akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango.

In ka sauka a zango za ka ji Hausa ko'ina, sai dai Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Za ka ji an ce, “Yarinya ya tafi kasuwa.” Kada ka yi dariya, don masauki kake nema wurinsu.

To, gari ya waye, baƙo ya fito da yunwa. Abin da zai fara gani a bakin titi shi ne mai koko da babbar tukunya, ga ƙosai ana tuyawa a gefe. Kokon gero ne, an sa masa citta da kanumfari da barkono sosai, ya fi namu yaji. Ba 'yan zango kaɗai suke sha ba. Ma'aikatan ofis da 'yan makaranta na kowace kabila suna jeruwa suna saye, kuma sunan da duk ƙasar take kiransa da shi shi ne kokon Hausa. Ƙosai ma sunansa bai sake ba, sai ɗan karkacewar harshe. Fura suna ce mata fula. Zoɓo suna ce masa sobolo. Tsire kuwa cicinga. Kun ga ashe abincinmu ya riga mu zuwa.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wake da shinkafa. Nan gida garau-garau abincin talaka ne. A dafa, a zuba mai da yaji, a ci a sha ruwa, shi ke nan. A Gana kuwa ya zama ɗan sarki. Sun yar da shinkafar daga sunan, suna cewa wace, watau wake ke nan a bakinsu. Kun san karan dafi, jan nan da majema suke rina fata da shi? To, busasshen ganyensa suke jefawa cikin tukunyar tare da 'yar kanwa, sai shinkafar ta fito ja-ja-ja. Sa'an nan mai sayarwa ta shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi a tafin hannunta, ta zuba wake, ta tsaya tana dubanka. A gabanta akwai taliya, akwai garin rogo da aka cuɗa da mai, akwai dafaffen ƙwai, da ganda, da soyayyen kifi, da nama, da miya, da wani baƙin yaji wai shi shito, wanda ake soya barkono da busasshen kifi da jatan lande da albasa cikin mai har su yi baƙi. Daɗi kam ba a magana. Amma fa kowane ɗaya da kuɗinsa. Ita ba za ta ce maka ya isa ba. Tana nunawa da ludayi, kai kana gyaɗa kai, don ba ka so a ce baƙo marowaci ne. Kafin ka farga, kuɗin ƙwai da nama da kifi sun ninka na waken kansa. Ka ce a zuba wake na kaza, a sa miya da gari, ka ja bakinka ka tsuke. Wannan ya isa ya riƙe ƙato har la'asar.

Tuwo ma yana nan. Suna ce masa tuwo zafi, a arewacin ƙasar ya fi yawa, amma yanzu ana samunsa ko'ina. Da masara ko gero ake tuƙa shi, a haɗa da garin rogo, sai ya yi taushi ƙwarai, ba ya yin malmala mai ƙarfi irin tamu. Miyar ayoyo ake zuba masa, watau lalo, da daddawa, a ɗora jar miya bisa. A ganina bai kai tuwon dawa zama a ciki ba. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetiya in ya ci shi da azahar, kafin magariba ya soma hamma.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Kumasi ƙasar kurmi ce. Damina biyu suke yi a shekara, ƙasa kullum da laima. Gero da dawa ba su son haka. Shanu ma ba su jin daɗin kurmi saboda ƙudan tsando. Don haka geron kokon nan daga arewa aka kawo shi cikin mota. Shanun da mahauta suke yankawa da yawansu daga Burkina Faso da Mali da Nijar suka fito. Albasa ma ana kawo ta tun daga Galmi ta Nijar. Abin da ya yi tafiyar kwana da kwanaki kuwa, kuɗin mota yana bisa kansa, kuma mai ci shi zai biya. Abin da ƙasar take bayarwa da kanta shi ne rogo, da masara, da gwaza, da manja, da agade, watau babbar ayabar nan da ba a cin ta sai an dafa ko an soya, sai kuma kifi daga teku. Wanda ya rantse ba zai ci kome ba sai irin na gidan ubansa, fura da nono da rana, tuwon dawa da nama da dare, to, ya zama bawan kasuwa.

Saboda haka ku koyi cin dokunu. Shi ne abokin baƙo. Masara ake jiƙawa, a niƙa, a kwaɓa, a bar ƙullin kwana biyu ko uku har ya yi tsami. Sai a raba shi biyu, a tuƙa rabi bisa wuta, a haɗe da ɗanyen, a cura, a naɗe da ɓawon masara ko ganyen ayaba, a dafa shi ya daɗe. Ana ci da niƙaƙƙen barkono da tumatir da soyayyen kifi. Yana da araha, yana da nauyi a ciki, kuma yakan kwana bai lalace ba. Ranar fari hancinka zai ƙi shi, ba na ɓoye muku. Amma ku tuna, mu da muke jefa daddawa a miya, muke shan nono mai tsami muna lashe baki, ba mu da bakin zagin tsamin wani. Akwai kuma ƙanensa banku, shi da zafinsa ake ci, da miyar kuɓewa ko gasasshiyar karfasa. Akwai wake da manja da soyayyar agade, shi ma ba ya da tsada.

Mutanen Kumasi, watau Asante, waɗanda kakanninmu suke ce wa Tonawa, su kuwa babban abincinsu fufu. Kamar sakwara yake, amma da rogo da ɗanyar agade ake kirɓa shi. Ba a taunawa, haɗiyewa ake yi, kuma yana nutse cikin miya kamar tsibiri. Abin lura a nan shi ne mai dakan. Sau da yawa namiji ne yake tsaye da doguwar taɓarya, mace tana zaune tana juya curin da hannu tsakanin bugu da bugu. Ba wanda yake ganin wannan abin kunya ne. Na faɗi haka ne domin samarinmu. Yaro yana zaune ɗaki guda da 'yan garinsu huɗu, ba mai mata a cikinsu, amma kowa yana ganin girki ya fi ƙarfin mutuncinsa. Sai su riƙa sayen abinci a titi sau uku a rana. Alhali da sun haɗa kuɗi sun sayi tukunya da murhun gawayi, sun auno wake da shinkafa da masara, sun yi kamu-kamu, wannan yau wancan gobe, da abin da za su aiko gida ya fi haka nesa ba kusa ba. Ma'aunin kasuwarsu ba mudu ba ne, ba kuwa tiya ba, wani gwangwani ne wai shi olonka. Ku tambayi kuɗin olonka a rumfa uku kafin ku saya.

Ladabin cin abinci kusan ɗaya ne da namu. Da hannun dama ake ci, da shi ake miƙa kuɗi. In ka iske mutum yana ci, zai ce maka bismilla da harshensa. Kai ma in kana ci wani ya zo, ka yi masa tayi.

Saura zancen halal da haram. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 1 cikin 5 ne Musulmi a Gana. A zango ba ka da damuwa, mahautanmu ne suke yanka. Amma in aiki ya kai ka cikin gari ko ƙauyukan gonakin koko, wanda ake yin cakulan da shi, sai ka buɗe ido. Miyar fufu takan zo da naman daji, da ƙaguwa, da dodon koɗi, wani lokaci har da ƙafar alade mai gishiri. Ba don mugunta suke sawa ba, abincinsu ne. Ka tambaya kafin a zuba, ba bayan ka ci rabi ba. In kana shakka ka ce a ba ka kifi. A arewacin ƙasar kuma za ka ga mutane a inuwa suna shan wani abu cikin ƙwarya, ka ɗauka kunu ne. Sunansa fito, burukutu ke nan.

A nan karatunku zai yi muku rana. Naman gwangwani da abincin kanti duk an rubuta abin da ke ciki a jikinsu da Turanci. Ba sai kun iya Turanci ba. Malam, rubuta musu baƙaƙen nan huɗu a allo: PORK. Ku dube su da kyau, ku kwafe su cikin littattafanku. Ma'anarsu naman alade. Duk gwangwanin da kuka ga wannan a jikinsa, ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Haka kuma ana buga ranar da abin zai lalace da lambobi, wata da shekara, lambobi kuwa kun riga kun iya su.

Takarda ma kada a yi wasa da ita. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardar izni mako biyu su bar ƙasar. Mutanenmu da yawa suka taso suka bar rumfunansu da tukwanensu. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, 'yan Gana suka fi yawa a ciki. Dokar ƙungiyar ECOWAS ta yarda ɗan Nijeriya ya shiga Gana ba biza ya zauna har kwana 90, amma sai da takardar tafiya, da katin allurar shawara. Wanda zai wuce haka ya nemi izni. Ka karanta abin da aka buga maka a iyaka da idonka, ka san ranar da kwanakinka za su cika.

To, ga aikin gida. Kuɗinsu sunansa sidi, fesewa 100 ke yin sidi 1. Tsada tana hawa tana sauka, saboda haka lambobin nan misali ne kawai. Samari 5 suna ɗaki guda. Kowannensu yana sayen abinci sau 3 a rana, kowane kwano sidi 20. Nawa suke kashewa su duka a rana? Nawa ne a kwana 30? In suka koma dafawa da kansu, suna kashe sidi 150 a rana su biyar, nawa ya rage musu a ƙarshen wata, kuma nawa kowa zai samu in an raba? Malam zai duba ran Laraba. Ku ukun nan masu shirin tafiya, ku ne za ku fara fitowa allo.

Mai gari, na ga rana ta yi sanyi, masu dabbobi suna so su tafi su ɗaure. A yi mana addu'a a sallame mu.