Jawabi Kan Kiyaye Gandun Dajin Yankari Da Namun Dajin Jihar Bauchi



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga wata dukiya da Allah Ya ajiye a wannan jiha, wadda in ta salwanta kuɗi ba za su mayar da ita ba. Wannan dukiya kuwa ita ce gandun dajin Yankari da ke ƙasar Alkaleri, kudu maso gabas da garin Bauchi, tare da namun daji da itatuwan da ke cikinsa.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe Yankari a 1956, aka kuma buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, sa'an nan a 2006 ta mayar wa Jihar Bauchi da riƙonsa. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, shi ne kuma mashayar dabbobi in rani ya tsananta. A cikinsa ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ɗumin ruwanta ba ya kauce wa digiri 31, rani da damina.

A Yankari ne ake samun ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, ga tsuntsaye iri-iri. Amma fa kada wannan ya ruɗi kowa. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda da can suke yawo a dajin, sun ƙare. Zakin Afirka ta Yamma kuwa, tun 2015 masana suka sa shi cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa.

Abu na farko da ke jawo wannan hasara shi ne farautar sata, ko don nama ko don haure. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ɗa guda take haifa, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa. Saboda haka giwar da harsashi ya kayar cikin ƙiftawar ido, sai an yi shekaru kafin a sami madadinta. Ma'aikatan gandun daji ma ba su tsira ba, domin akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta.

Na biyu shi ne shigar da shanu cikin gandu. Shanu sukan cinye ciyawar da namun daji ke dogara da ita, su kuma yaɗa cuta. Lokacin da bushiya ta ɓarke a 1983, ba garkunan makiyaya kaɗai ta yi wa ɓarna ba, har ɓaunan Yankari ta kashe. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma sauran cututtukan dabbobi suna nan. Bugu da ƙari, gubar da wasu ke zubawa a mushe don su kashe zaki ko kura, ita ce ke hallaka ungulu, alhali kuwa ungulu ce ke share mushe kafin ya zama annoba.

Na uku shi ne saran itatuwa da ƙunar daji. Kirya da marke sun zama abincin masu gawayi. Madobiya kuwa, wadda makiyaya ke ciyar da ganyenta ga shanu da rani, fatake sun yi ta sararta a ƙasar nan ana kai katakonta ƙasar Sin, har aka tsananta sharuɗɗan cinikinta tsakanin ƙasashe a 2017. In itatuwa suka ƙare, ruwan sama yakan kwashe ƙasa, rafuka su cike da yashi, dabba ta rasa mafaka, manomi kuma ya rasa albarkar gona.

Hukuma ba ta yi sake ba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar da aka ƙulla a Washinton a 1973 don tsare cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta kuma kafa Doka ta 11 ta 1985 don hukunta masu wannan fatauci. A 2006 Jihar Bauchi ta kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya, aka zuba su a dajin Sumu da ke ƙasar Ganjuwa. Wannan ma abin lura ne: dabbar da da can take kiwo a dazuzzukan Arewa, sai da aka nemo irinta daga ƙarshen Afirka.

Ba a manta da kukan manoman da ke maƙwabtaka da gandu ba. Gaskiya ne garken giwaye kan iya tattake wahalar shekara cikin dare ɗaya. Amma maganin wannan shi ne a gaggauta sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandu domin a kora su, ba a ɗauki bindiga ko a gayyato mafarauci ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙon mafarauci ba ya sanin hanyar mashaya sai ɗan gari ya nuna masa, naman daji kuma ba ya zuwa kasuwa sai da mai saye. Don haka ana roƙon sarakuna da hakimai su ja kunnen talakawansu, makiyaya su tsaya bayan iyakar gandu, matan aure su ƙi sayen naman da ba a san asalinsa ba, malaman makaranta kuma su riƙa kai yara Yankari su ga giwa da idonsu. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa biyu.

Allah Ya ba da ikon riƙon wannan amana, Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.