Ciwon Agara: Sai Yaushe Ake Yin Tiyata?

Wannan jawabi ne da wani likitan ƙashi ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, akasarinsu manoma da 'yan dako, a kan ciwon bayan dunduniya wanda ya daɗe bai warke ba.

Bayan sallama, likitan ya nemi kowa ya shafa bayan ƙafarsa, daidai saman dunduniya. Ya ce jijiyar nan mai kauri da suka taɓa ita ce agara. Ita ta haɗa naman sharaɓa da ƙashin dunduniya, kuma duk jikin ɗan Adam babu jijiyar da ta kai ta ƙarfi. Da ita ake ɗaga dunduniya a yi tafiya, a yi gudu, a hau tudu.

Ya ce yawan wahala da shekaru suna cinye zaren cikinta, kamar igiyar guga da ta daɗe tana gogar bakin rijiya. Wuri 2 ta fi lalacewa. Na farko shi ne santimita 2 zuwa 6 sama da ƙashin dunduniya, inda jini ba ya isa sosai. Na biyu shi ne inda ta manne da ƙashin, wani lokaci har ƙashin ya yi tsiro kamar ƙaya. Mai wannan ciwo zai ji ƙafar ta sage da asuba, takun farko da zafi, kuma yakan ga ƙullutu a jikin agarar.

Likitan ya ce ba a fara magani da wuƙa. Da farko sai a rage ɗaukar kaya mai nauyi, a sa ɗan abu cikin takalmi ya ɗaga dunduniya, sannan a shiga motsa ƙafa. Mutum zai tsaya a bakin dakali da kan yatsunsa, ya ɗaga jikinsa da lafiyayyar ƙafa, ya sauke dunduniyar mai ciwo a hankali. Ana yi sau 15, a huta, har zagaye 3, safe da yamma, tsawon mako 12. Likitocin ƙasar Suwidin ne suka bayyana amfanin wannan hanya a 1998. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi ba tare da an yanka su ba.

Daga nan ya yi gargaɗi a kan abubuwa 3. Na ɗaya, kada a yarda a yi wa mutum allurar kotizon a cikin agara. Zafin zai lafa, amma jijiyar tana iya tsinkewa. Na biyu, maganin ciprofloxacin da ake yawan saye a kemis don taifot yana raunana agara, musamman ga wanda ya wuce shekara 60. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a takardar maganin. Na uku, tsaga da ƙaho ba sa gyara jijiya, sai dai su bar rauni a fata.

Ya ci gaba da cewa idan an yi wata 6 ana wannan magani babu sauƙi, to an zo maganar tiyata. Bayan an ɗauki hoton ƙafar, za a kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko a sa mutum barci. Likita zai buɗe bayan ƙafa, ya cire ɓangaren da ya lalace, ya ɗinke mai kyau. In akwai tsiron ƙashi sai a kankare shi, a sake ɗaure agarar a jikin ƙashin. In fiye da rabin agarar ya lalace, sai a aro jijiyar da ke lanƙwasa babban ɗan yatsa a ƙara mata ƙarfi. Wani kuma naman sharaɓarsa ne ya ɗaure, sai a ɗan sassauta shi.

Likitan bai ɓoye musu haɗarin aikin ba. Ya ce fatar wurin siririya ce, tana iya jinkirin haɗewa ko ta yi ruwa. Gefen ƙafa yana iya dindiris, jini kuma yana iya daskarewa a ƙafar. Mai shan taba da mai ciwon sukari su ne suka fi shan wuyar warkewa, don haka lalle su gaya wa likita gaskiya.

Wani dattijo ya tambaya ko mutum zai koma gona bayan aikin. Likitan ya ce akasari suna komawa, amma sai da haƙuri. Za a sa ƙafar cikin siminti ko takalmin asibiti, a yi makonni ana dogara sanda, sannan a shiga gashin ƙashi. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara 1. Saboda haka manomi ya shirya da likita a yi aikin da zarar an kai amfani gida, kuma ya tanadi mai taimakonsa a damina mai zuwa.

Amma ya ce wanda ya ji agararsa ta yi ƙara farat ɗaya, kamar an buge shi da sanda, ya kasa tsayawa a kan yatsu, to tsinkewa ta yi. Wannan ba ya jiran kaka, a kai shi asibiti nan da nan.

Daga ƙarshe ya yi kira ga ɗaliban da su fara zuwa asibiti mafi kusa, inda za a tura su wurin likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ya kuma roƙe su su karanta wa iyalansu da maƙwabta wannan bayani.