Ɗanɗanon da Ke Zama Bashi: Jawabin Sakataren Kuɗi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Shugaban ƙungiya, iyayenmu sarakunan Zango, malamai da limamai, iyayenmu mata Hajiyoyin kasuwa, 'yan'uwa da suka taso daga Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, da baƙinmu na Kumasi da Lome, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan kuɗi. Yau ba zan taɓo kwastan na Aflao ko shingayen hanyar Paga ba, waɗannan kowa ya san zafinsu. Zan yi magana ne a kan wata ɓarakar da ke cikin aljihunmu, wato wayar hannu.

Ranar Laraba a kasuwar Nima, idan Hajiya ta miƙo maka ƙuli-ƙuli ko dabino ta ce ɗanɗana, kana iya ɗanɗanawa ka ce albarka, ka wuce. Ba za ta biyo ka gida bayan sati ta ce ka biya kuɗin buhu ba. Haka muka gada tun zamanin fataken goro na Salaga: ɗanɗano daban, ciniki daban. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai da yardar juna.

To, a kasuwar manhajoji abin ba haka yake ba. Za a ce maka gwaji kyauta ne, amma sai ka sa lambar katin banki. Ranar da ka sa lambar nan, ranar ka sa hannu. Idan kwanakin gwaji suka ƙare ba ka ce komai ba, shirunka shi ne amincewarka.

Ni kaina abin ya ci ni. Yarona ya sa mini wata manhaja ta lissafin kaya, ya ce, "Baba, wata guda kyauta ne." Na ba shi kati. Na tafi Kwatano sayen kaya, layina na Gana a kashe. Da na dawo na tarar an cire kuɗin shekara guda cur, kuma da dala. Kuɗin da ya isa ya ɗauko mini kaya daga boda zuwa Ankara. Na rubuta musu, suka nuna mini inda aka rubuta sharaɗin da ƙananan baƙaƙe. Gaskiyarsu, an rubuta. Ni ne ban karanta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, tsawon gwajin ba ɗaya ba ne. Adobe, masu Photoshop da yaranmu ke gyara hotunan atamfa da takalma da shi, kwana 7 suke bayarwa. Microsoft 365 wata guda ne. Wanda ya saba da wata guda sai ya ɗauka ko'ina haka ne. Mu kuwa matafiya ne. Motar albasa daga Galmi zuwa Adjen Kotoku, in aka samu tsaiko a boda, tana iya cinye sati guda. Kafin ka sauke kaya, gwaji ya ƙare, an ci kuɗi.

Abu na biyu shi ne ya fi ciwo, wato tarar fita. Akwai tsarin da za a nuna maka farashin wata, ka ɗauka wata-wata kake biya, alhali yarjejeniyar shekara ka shiga. Kamar mai shago ya ce maka haya kaza ce a wata, sai ranar da za ka tashi ya ce ai shekara ka kama. A kan wannan ne gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu a watan Yuni 2024, tana zargin kamfanin da ɓoye tarar. A tsarin nasu, wanda ya soke cikin kwana 14 na farko ana mayar masa da kuɗinsa, amma bayan haka sai ya biya kashi 50 cikin ɗari na abin da ya rage na shekarar.

Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce dala 20 ce a wata. Ka yi wata 2 ka ga ba ka buƙata. Saura wata 10, dala 200 ke nan. Rabinta dala 100. Wato za ka biya kuɗin wata 5 don kawai a bar ka ka fita. Kuma kada mu manta da dala ake cirewa. A 2022 mun shiga shekara dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 13. Wanda ya ɗaure kansa a Janairu, ninki ya riƙa biya ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne. A watan Satumba 2025 Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a Amurka kan zargin shigar da mutane tsarin Prime ba da cikakken saninsu ba, da wahalar da su wajen fita. Amma 'yan'uwa, mutanen Amurka aka mayar wa kuɗi. Babu wanda zai biyo Mamobi da cek. Mun yi murna da aka soke E-Levy a Afrilu 2025, saboda kashi 1 cikin ɗari yana yi mana ciwo. To ina amfanin mu tsira daga harajin da muke gani, mu kuma ɗora wa kanmu wanda ba ma gani?

Ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe.

Kafin ka sa kati, yi tambaya uku kamar yadda kake yi wa dillali: kwana nawa ne gwajin, nawa za a cire in ya ƙare, kuma in na fasa me zan biya? In ka ga an ambaci shekara a ko'ina, dakata ka nemi wanda zai karanta maka.

Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ne. Wannan ya ci mutane da yawa. Sai ka shiga Play Store ko App Store, wurin da ake jera abubuwan da kake biya, ka soke a can. Apple da kansu sun ce a soke aƙalla awa 24 kafin gwaji ya ƙare. Don haka ranar da ka shiga, sa ƙararrawa a waya kwana 2 kafin lokacin, kuma in tafiya za ka yi, soke kafin ka hau mota. Ka ɗauki hoton shafin da ya nuna ka soke, shi ne rasit ɗinka.

Kada ka haɗa katin da jarinka ke ciki da kowace manhaja. Ware wani mai 'yan kuɗi kaɗan. Kada kuma ka miƙa wa yaro kati ya tafi da shi; ku zauna tare, ya fassara maka abin da yake dannawa.

Ƙarshen kowane wata duba takardar banki da saƙonnin MoMo. Duba kiredit ɗinka ma, don waƙar jiran kira da saƙonnin ƙwallo haka suke tsotsa kullum. In ka ga cirewar da ba ka gane ba, fara da bankinka a rubuce. In ba su saurare ka ba, Babban Bankin Gana yana karɓar koke.

A ƙarshe, ranka ya daɗe Shugaba, ina da shawara ɗaya. A ware matasa biyu daga cikin 'ya'yanmu masu ilimin waya, su riƙa zama a ofis ranar taron wata. Duk mai so ya kawo wayarsa a duba masa a gabansa, ba tare da ya faɗi lambar sirrinsa ba. Iyayenmu mata su fara. Na tabbata a zaman farko za a gano kuɗin da ya isa zubin adashi.

Allah ya yi wa kasuwanmu albarka, ya tsare hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya.