Mu Ɗauko Takardar Nan ta Farkon Shekara

   

Yau za mu yi magana a kan 'yar takardar nan da mukan rubuta bayan sujadar shiga sabuwar shekara: bana zan karance Littafi Mai Tsarki, zan biya bashi, zan sayi tunkiya, zan shirya da ɗan'uwana. Mukan cusa ta cikin Littafi, sai tsakiyar damina ta faɗo mu gan ta, kunya ta kama mu. To, mu ɗauko ta yau mu bi ta a hankali.

Cikin Luka sura 14, Yesu ya kawo misalin mai gini wanda ya aza harsashi bai yi lissafi ba, ya kasa gamawa, mutane suka yi masa dariya. Mu ma mu yi lissafi. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189. Mai karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai gama cikin shekara. Amma manomin da ya wuni yana noman gero, ya dawo da magariba, ga gajiya ga rashin fitila, sura uku ta fi ƙarfinsa. Irinsa ya soma da Sabon Alkawari, sura 260 ne. Ɗaya a rana, kafin wata tara ya kammala. Wanda kuwa bai iya karatu ba tukuna, kada ya ji kunyar zama kusa da jikansa ɗan firamare a koya masa baƙi.

Bashi ma haka. Kada mu rubuta "zan biya bashi" kawai. A sa sunan mai kuɗin, da nawa ne, da lokaci: da kaka in gero ya shiga rumbu, ko in an sayar da albasar fadama, ko ranar kwasar adashi.

Mun san wani zai ce, "Malam, wane shiri mutum zai yi a ƙasar nan?" Gaskiyarsa. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka jihar Maradi saboda 'yan bindiga. A Disamba 2021 an ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta wajen Nijeriya ba sai Maris 2024, fatake da yawa jarinsu ya karye. A Agusta 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ya rubuta zai ƙara gona, ga shi ko tsohuwar ba ta shiguwa, ba ragwanci ya hana shi ba, kuma kada kowa cikin ikilisiya ya gorata masa.

Wasiƙar Yakubu sura 4 tana magana da 'yan kasuwa masu tsara tafiyar shekara guda da ribarta, kamar gobe tana aljihunsu. Bai hana su fatauci ba, fahariyar ce ya tsauta, ya ce su jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Mutanen Gobir ba sa bukatar dogon bayani a nan. Alkalawa, birnin sarakunansu mai ganuwa, ya faɗi a 1808, yau kufai ne.

Saboda haka mu ja layi tsakiyar takardar. Gefe ɗaya mu sa abin da sai hanya ta yi kyau, sai ruwa ya sauka, sai kasuwa ta ci. Waɗannan mu yi ƙoƙari, mu bar su cikin addu'a. Ɗaya gefen kuwa abin da ke hannunmu ko a gida muke ko a gudun hijira: rage fushi da yara, barin gulma, gaida maƙwabci mara lafiya, Kirista ne ko Musulmi.

Maganar shiri da ɗan'uwa a wannan gefe take, ita ce kuma muka fi ɗagawa. Rigimar gadon gona ce ko kuɗin aro, ba sai an sami zaman lafiya a ƙasa za a kashe ta ba. In yana gari, mu je ƙofarsa kafin Lahadi. In ya ƙaura Sakkwato ko Maradi, mu sa kati a waya mu kira shi, mu fara da gaisuwa.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.