Littafin Taswirar Layin Dogo da Abin da Yake Adanawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirye-shirye ya ba ni minti goma sha biyar, kuma na ga Sakatare ya ajiye agogonsa a kan tebur. To, zan yi magana ne a kan wani irin littafi da ba kasafai ake ganinsa a ɗakunan karatunmu ba, wato littafin taswirar layin dogo mai ɗauke da tarihi.

Dukanmu mun san littafin taswira na aji, wanda malamin labarin ƙasa kan sa mu kwafa. A cikinsa layin dogo wani baƙin zare ne daga Ikko zuwa Kano, shi ke nan. Wanda nake nufi ya wuce haka. Yana nuna kowace tasha da kowace mahaɗa, da kamfanin da ya shimfiɗa layin, da shekarar da aka buɗe shi. Uwa uba, yana nuna layin da aka rufe aka kwashe ƙarafansa, da shekarar da aka yi hakan. Taswirar aji tana nuna abin da yake nan ne kawai. Da zarar layi ya mutu, sai bugu na gaba ya share shi kamar ba a taɓa yi ba.

A Ingila, rabon kuɗi ne ya fara jawo zana irin wannan taswira dalla-dalla. Kamfanonin jirgin ƙasa sun yi yawa, kaya ɗaya yakan bi ta layin kamfani uku ko huɗu kafin ya isa. Wa zai ci nawa? Don haka a 1842 suka kafa ofishin rabon kuɗi mai suna Railway Clearing House. Ba a iya rabo sai an san tsawon layin kowa daidai wa daida, saboda haka aka riƙa zana taswira ana ba kowane kamfani launinsa. A 1923 aka haɗe kamfanoni fiye da 100 suka koma huɗu, a 1948 gwamnati ta karɓe su. A 1963 kuma rahoton Dakta Beeching ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na layi da tasha fiye da 2,000. Ashe kun ga dalilin da ya sa masu sha'awar tarihi suka duƙufa wajen tattara abin da ke ɓacewa.

Wanda ya fi burge ni cikinsu shi ne wani tsohon soja, Kanar Michael Cobb, masanin safiyo. Shekara 18 ya yi yana bin layukan Birtaniya ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora su a kan taswirar gwamnati mai ma'aunin inci ɗaya a madadin mil ɗaya, kowace tasha da shekarar buɗewarta da ta rufewarta. An buga aikin a 2003 cikin juzu'i biyu. A 2008 Jami'ar Kambirij ta ba shi digirin dakta a kan wannan aiki, yana da shekara 91. Masu cewa sun yi ritaya sun tsufa da karatu, ga naku nan.

Yanzu mu dawo gida. A ce mun buɗe irin wannan littafi a shafin Arewacin Nijeriya, me za mu gani?

Za mu ga cewa layin da ya fara isa Kano ba daga Ikko ya taso ba. Daga Baro ya taso, a bakin kogin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911. Dabarar ita ce jirgin ƙasa ya kai kaya Baro, jirgin ruwa ya ƙarasa da su teku. Layin Ikko kuwa a Minna ya haɗu da shi, kuma kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragu. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodi. Manoman Kano da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Asalin dalar gyaɗa ke nan, wadda yaranmu a hoto kaɗai suka san ta.

Daga nan sai rassa. Na Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Na Kano ya kai Nguru a 1930. Gadar Makurɗi a 1932. Na ƙarshe shi ne na Barno, wanda ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. Duk wanda ya ƙura wa wannan shafi ido zai lura da abu guda ba sai an gaya masa ba: layukan nan teku suke fuskanta, ko Ikko ko Fatakwal. Inda kayan fitarwa suke, can dogo ya nufa. Birnin Sakkwato bai samu ba, birnin Katsina ma haka.

Amma layin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne wanda ba za ku gani a taswirar yau ba, wato ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Sunan ma yana rikita mutane, domin bai taɓa zuwa garin Bauci ba. An ba shi sunan ne saboda a lokacin tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauci. Kuza ce ta jawo shi. Kafin zuwansa, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, tafiyar kwana da kwanaki. An fara buɗe shi zuwa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukur a 1914, tsawonsa mil 140 da 'yan kai. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne. Wannan bambancin ƙafa ɗaya shi ne ajalinsa, domin duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sāke lodi a wani tarago. Da reshen Kafancan ya iso Jos a 1927 da babban dogo, kuza ta sami hanya miƙaƙƙiya zuwa Fatakwal, ƙaramin jirgi ya fara ja da baya. A 1957 aka rufe shi.

Ya bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Kudaru, da Rahama, da Jengre. Garuruwa ne da wasunmu nan suka fito daga cikinsu. Je ka tambayi ɗan sakandare a can ko ya san jirgi ya yi shekara fiye da 40 yana ratsa garinsu. An ajiye kan jirgin da wasu taragunsa a gidan tarihi na Jos, amma kan jirgi a rumfa ba ya nuna maka inda hanyar ta bi. Wanda ya shiga wannan jirgi yana ɗan shekara goma, yau ya doshi tamanin. Su ne za su iya nuna cewa nan ne tasha, can ne ake shan ruwa, wancan tudun da ake nomawa shi ne gadon dogo.

Kada a ce zancen da ne kawai. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗi ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, kuma a 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina. Tarago na tsohon dogo ba ya hawa sabo. Abin da faɗin dogo ya yi wa jirgin Zariya zuwa Jos yana iya yi wa reshen Nguru ko na Ƙaura Namoda, mu wayi gari taswira ta share su.

Rubutaccen tushe akwai shi. Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe, ya wallafa tarihin reluwen Nijeriya cikin juzu'i uku a 1997. Akwai kuma takardun Turawan mulki a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya rage shi ne ƙafa da za ta taka, da hannu da zai zana.

Saboda haka, ya Shugaba, ga roƙona. Ƙungiya ta sayo wa ɗakin karatun makaranta littafin Jaekel. Sannan a ware wa malaman tarihi da na labarin ƙasa ɗan abin da zai ishe su su ɗauki 'yan aji biyar, a lokacin da hanya ta yi lafiya, su bi sashe ɗaya na tsohon layin nan. Ko daga Zariya zuwa Soba ne ya isa a fara. Su zauna da dattawa, su rubuta sunan kowace tasha yadda mutanen wurin ke faɗinsa, domin rubutun Bature ya karkatar da sunaye da yawa. Cikinmu akwai masu safiyo da injiniyoyi da za su duba ma'aunin. Abin da suka zana kuwa a buga shi a tsakiyar wannan mujalla a fitowa ta baɗi, ni kuma na ɗauki nauyin takarda da kayan zane.

Na ga Sakatare ya ɗauki agogonsa.