ƁARAWON ZAMANI BA YA FASA ƘOFA, SALLAMA YA KE YI

Laccar da Magatakardan reshen Fagam ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa

 

Magana biyu ce ta sa mu ka tara ku, amma in kun yi haƙuri za ku ga guda ce. Ta farko, wani ɗan'uwanmu mai sayen riɗi ya zo mana yana hawaye, an kwashe kuɗinsa na banki ƙaf. Ta biyu, wani dattijo ya ce zai fid da ɗansa daga jami'a, wai don yaron yana karanta ilmin zaman jama'a, shi kuwa an gaya masa yanzu ba a cin abinci sai da karatun kwamfuta.

To, mu fara da mai riɗi. Ba a fasa masa shago ba, ba a kuma tare shi a hanyar kasuwar Sara ba. Waya kurum aka buga masa. Mai maganar ya yi sallama, ya kira shi Alhaji, ya ce daga banki ne. Ya ce wai lambarsa ta BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, ta sami matsala, za a rufe asusunsa kafin la'asar in bai karanto lambobin da aka aiko masa yanzu ba. Ya karanto. Shi ke nan, jari ya tafi.

Ku duba da kyau, da me ɓarawon nan ya yi aiki? Da tsoron hukuma da ke zukatanmu, da kunyar musu da mutumin da ya girmama mu, da gaggawar da ke hana tunani. Watau halinmu ya karanta, ba injin banki ba.

Kada ku ce ƙauyanci ne. A watan Yuli na 2020, a can Amurka, waɗansu samari suka yi ta buga wa ma'aikatan kamfanin Twitter waya, suna cewa su abokan aikinsu ne, har suka kama shafin Barack Obama da na Bill Gates. Jagoransu kuwa shekararsa 17. Mu tuna kuma da MMM, wadda ta riƙe kuɗin mutane a Disamba 2016, alhali kafin nan kowa ke yabonta. Yawancin waɗanda suka shiga ɗan'uwa ne ko aboki ya jawo su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, tsagewar kuwa a jikin mutum ta ke.

Saboda haka ne bankuna da kamfanonin waya da gwamnati su ke ɗaukan ma'aikaci da a ke kira mai tsaron kwamfuta. Aikinsa ya zauna yana duban shige da ficen kuɗi da saƙonni, in ya ga baƙon abu ya tare shi, ya bi sawunsa, sa'an nan ya gargaɗi jama'a. Amma yaya zai gane baƙon abu in bai san na gida ba?

Lalle ya san cewa a ƙauyukanmu gida guda na iya aiki da waya guda, kuma tsohon da ba ya karatu yakan miƙa wa mai POS katinsa har da lambar sirri. Ya san ran kasuwa da lokacin kaka kuɗi kan yi yawo da yawa, ba sata ba ce, amma in asusun manomi ya motsa da tsakar dare akwai abin tambaya. Wannan shi ne ilmin zaman jama'a. Ya san ɓarawo kuɗi ya ke bi: sa'ad da canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira a farkon 2023, 'yan kasuwa suka koma tura kuɗi ta waya, masu saƙon ƙarya na "kuɗi sun shiga" suka biyo su. Wannan ilmin tattalin arziki ne. Ya san dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, don shaidar da ya tara ta tsaya gaban alƙali. Har wa yau ya san yadda a ke yi wa mutane magana, don gargaɗin da aka rubuta da Turanci ba ya tsare kuɗin wanda ba ya jin Turanci.

Ba za mu ruɗe ku ba, wannan ilmi kaɗai bai isa ba. Tilas yaro ya koyi kwamfuta sosai, ya san yadda su ke haɗuwa da juna da inda a ke ɓoye bayanai. Wurin koyo kuwa bai yi nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da duka biyu, ga kuma makarantar kwamfuta ta Kazaure.

Don haka, Baba, muna roƙonka ka bar yaron nan ya ƙare karatunsa, sa'an nan ya ƙara da na kwamfuta. Yaron da ya tashi a rumfa, ya san dillali na gaskiya da na ƙarya tun daga gaisuwa, ya riga ya ci rabin hanya.

Kafin 'ya'yanmu su kama wannan aiki, mu zama masu gadin kanmu. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda ya ce maza-maza, ku kashe wayar ku tafi banki da ƙafarku. Kada ku ba da kaya sai kun duba asusunku kun ga kuɗin da idonku. Wanda aka cuta kuma kada kunya ta sa ya yi shiru, ya gaya wa bankinsa nan take, ya gaya wa maƙwabtansa, don shirunmu shi ne jarin ɓarawo.

Allah ya tsare mana guminmu. Wassalam.