Ilimin Halittu Ba Ragowar Likitanci Ba Ne

Malam shugaban reshe, iyayenmu dattawan wannan sana'a, 'yan'uwa malamai maza da mata da kuka taho daga Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, barkanmu da wannan haɗuwa.

Kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, mukan ga wasu daga cikin haziƙan ɗalibanmu sun shigo mana fuska a murtuke. Yaro ya nemi likitanci, sai aka ba shi ilimin halittu, wato bayoloji, ya zo yana ba mu labari kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani ya tafi ba da son ransa ba, wani ya zauna gida shekara biyu ko uku yana maimaita jarrabawar JAMB, har zuciyarsa ta mutu a kan karatun baki ɗaya. A kan wannan asara muke so mu yi magana yau, domin muna da hannu a cikinta. Mu ne muka saba wa yara da cewa ƙarshen kimiyya shi ne farar rigar asibiti.

Bari mu fara da abin da ake karantawa. Digirin na shekara 4 ne. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri, galibi kuma da fiziks. A shekarar farko ɗalibi yakan ƙarfafa tushensa a waɗannan darussa. Daga nan sai ya shiga nazarin ƙwayar halitta, da ilimin gado, da rayuwar tsirrai da ta dabbobi, da ƙananan halittun da ido ba ya gani, da dangantakar mai rai da muhallinsa. Akan tura shi koyon aiki a wata ma'aikata, a shekarar ƙarshe kuma ya gudanar da bincike na kansa, ya kare shi a gaban malamai. Ba sai ya yi nisa da gida ba: akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

To, me wannan ilimi zai yi wa ƙasar Daura? Mu leƙa gona. Kowane manomi ya san ƙuduji yana kassara gero da dawa. Masanin halittu ne ya san cewa irinsa yana iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, sa'an nan ya maƙale mata yana tsotse ruwa da abinci tun kafin furensa ya bayyana. Kakanninmu sun lura cewa hatsi yana yin kyau a gindin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina. Ilimin halittu ya bayyana cewa a saiwarsa, kamar a saiwar wake da gyaɗa, akwai ƙananan halittu masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. A ƙarshen shekarar 2019 aka amince da irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. Wannan aikin masana halittu ne.

Mu dubi sararin da ke arewa da mu. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin kafa gandun itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A ƙasar Maraɗi kuwa, tun daga shekarun 1980, manoma suka farfaɗo da gonaki ta hanyar kula da tohon kututturan da ke cikin ƙasa maimakon sare su. Irin wannan aiki yana buƙatar wanda ya san itace da ƙasa da ruwa.

Mu dawo gida. Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a kududdufi ya kamu da tsargiya ne, kuma tsutsarta sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta shiga jikin mutum. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro, amma har gobe zazzaɓi yana ɗauke mana yara. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar zuwa da sikila. Likita yana warkar da wanda ya zo gabansa, amma rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana hannun wanda ya san tushen ciwon.

Ba za mu yaudari yaranmu ba. Wannan digiri ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki, kuma mun san masu shi da ke zaune. Wanda zai ci moriyarsa shi ne wanda ya ƙware a aikin hannu na ɗakin gwaji, ya iya ƙididdiga da kwamfuta, ya zaɓi fanni guda ya zurfafa a digiri na biyu. Wanda ke son aji kuma ya ƙara difilomar koyarwa, ya yi rajista da hukumar TRCN, ya shigo cikinmu da kai a ɗage, domin ajujuwanmu suna jin ƙishirwar ƙwararrun malaman kimiyya, musamman mata.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, mu daina kiran wannan fanni ragowa a gaban ɗalibai da iyayensu. Na biyu, mu fitar da darasin daga allo. Muna da ɗaliban da suka zana madubin likita har suka gama sakandare ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Kafin kayan aiki su zo, a tumɓuke wake a nuna musu ƙulle-ƙullen saiwarsa, a ɗebo ruwan kwata a kwalba su ga 'ya'yan sauro, domin gani ya kori ji. Na uku, shugabannin reshe su sa batun ɗakunan gwaji da horar da malaman kimiyya cikin buƙatun da suke kai wa hukuma, kafaɗa da kafaɗa da batun albashi da ƙarin girma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da zai magance ƙuduji a gonakin Zango wataƙila yana zaune a ajin ɗayanmu yanzu haka, yana jiran kalmar da za ta ɗaga shi ko ta karya masa gwiwa. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, ya sa albarka a cikin yaranmu.